Wa Ke Riƙe da Doka? Sharhi a Kan Rubuce-rubucen Masana Game da Dara da Lido da Karta a Hannun Ƙananan Yara

A cikin shekara ta 1952 aka buga wani littafi a Oxford mai suna A History of Board-Games Other than Chess, na H. J. R. Murray, watau tarihin wasannin da a ke yi da 'ya'ya a kan katako ko a ƙasa, ban da ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji. Shi Murray ɗa ne ga James Murray, wanda ya shugabanci aikin babban ƙamus na Oxford, kuma da ganin aikinsa an san ya gaji ubansa wajen haƙuri da tara abubuwa. Tun 1913 ya riga ya fitar da tarihin ces. A wannan littafi na baya ya kasa wasannin duniya kashi biyar: na jera 'ya'ya, na yaƙi, na farauta, na tsere, da na zuba 'ya'ya cikin ramuka irin ayo na Yarabawa. Har yanzu duk mai son ya yi magana a kan waɗannan wasanni tilas ya bi ta kan wannan rabo, ko ya yarda da shi ko bai yarda ba.

Amma akwai abin mamaki a nan. Murray ya yi shekaru masu yawa yana aikin duba makarantu a Ingila, watau mutum ne wanda ya ga yara fiye da yawancin masana. Duk da haka, a littafinsa wasa gidaje ne da 'ya'ya da doka, shi ke nan. Mai wasan kuwa an ɗauke shi babban mutum ne mai hankali, wanda ya san dokar ya kuma yarda da ita. Ba a tambayi wanda ya koya masa ba, balle wanda zai raba gardama in ta tashi. Ga manya wannan tambaya ba ta da nauyi. Ga yara 'yan shekara biyar zuwa tara kuwa, waɗanda suka zauna a zaure ko a bayan ɗaki babu babba kusa, a kanta wasan ke tsayawa ko ya watse. Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, ma'aunin da ya kamata a auna wasan ƙananan yara da shi shi ne ko za su iya riƙe dokarsa da kansu har a gama, kuma masana da yawa, da malaman da suka koya daga gare su, sun auna da wani ma'auni dabam.

Sai a fara da dara, tun da ita ce ta gida. R. C. Bell, wani likita mai aikin tiyata a Ingila wanda ya ɗauki tara wasanni abin sha'awa, ya bayyana ta a littafinsa na 1960, Board and Table Games from Many Civilizations. Ga yadda ta ke a wurinsa: gidaje 30, jeri biyar kowane da gida shida, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, a zuba su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a fara turawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku sai ya cire ɗa guda na abokin wasansa, jera huɗu ba ya ci. Bayanin daidai ne gwargwadon inda ya kai. Sai dai ya danganta wasan ga Dakarkari, watau Lelna na ƙasar Zuru, littattafan da suka biyo baya kuwa suka yi ta kwafar wannan magana, har mai karatu a Turai ya ɗauka dara ba ta wuce Zuru ba. Alhali kuwa ta game ƙasar Hausa, Zabarmawa ma suna da ita da sunan dili, kuma ta daɗe da shiga bakin mutane: a kan ce dara ta ci gida, a kan kuma kira zane mai murabba'i-murabba'i gidan dara.

Wannan kuskure ƙarami ne, mai sauƙin gyara. Babban shi ne abin da malamai suka gina a kan irin wannan bayani. Da ya ke dara wasa ce ta dabara tsantsa, babu sa'a a cikinta, kuma ta gargajiya ce, sai aka ɗauka ita ce ta fi dacewa a ba ƙananan yara, a raba su da lido da karta. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan shekara shida a gaban gidaje 30 ya san ba haka abin ya ke ba. Yaron ya kan zuba 'ya'yansa ko'ina, hankalinsa na kan nasa kaɗai, bai ga tarkon da a ke haƙa masa ba. In abokin wasansa ɗan shekara tara ne, za a cinye shi yau, a cinye shi gobe, a cinye shi jibi, domin wasan dabara ba shi da tausayi: wanda ya fi sani shi ke ci kullum. A kwana na huɗu ƙaramin ba zai zo ba. To, a gidan Bahaushe yara ba sa taruwa aji-aji kamar a makaranta. Taron wasa ya kan haɗa yaya da ƙane, da 'yar shekara tara mai goyon jariri, da ɗan maƙwabta wanda bai fara makaranta ba. Wasan da ke rarraba su bisa shekaru ba zai riƙe irin wannan taro ba.

Abin da ƙanana ke iyawa shi ne ƙanwar dara, watau gidaje tara, uku sau uku, kowa da 'yan duwatsu uku ko huɗu, irin wadda a ke kira achi a Gana. A nan ma akwai abin lura da littattafai suka wuce da sauri. Yaran da suka jima suna yin ta su kan gano cewa wanda ya fara kama gidan tsakiya shi ke da galaba, sai gardama ta tashi a kan wa zai fara, daga nan sai a kafa doka: ko a hana farawa da tsakiya, ko a ce wanda aka cinye shi zai fara. Babu wanda ya koya musu. Sun ga aibi a cikin wasan, sun yi masa magani. Mai bin hanyar Murray zai rubuta wannan a matsayin wani nau'i na wasan, ya ba shi lamba, ya wuce. Amma abin da ya faru a wurin ya fi wasan kansa daraja.

Lido kuwa baƙuwa ce, kuma an san asalinta. Daga pachisi na Indiya ta fito, wanda a ke yi da jefa wuri, sunansa kuwa daga kalmar ashirin da biyar ne, watau mafi girman abin da jifa ke bayarwa. Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi a cikin shekarun 1890, suka cire wurin suka sa 'yar ƙwaya mai fuska shida, watau dayis, suka kira shi ludo, wanda a Latin ke nufin ina wasa. 'Yan wasa huɗu, kowa da 'ya'ya huɗu, hanya mai gidaje 52, kuma ɗa ba ya fita daga gida sai an jefa shida. Masana ba su ga girmanta ba. A 1959 Roberts da Arth da Bush suka buga wata maƙala a Amurka inda suka kasa wasanni uku, na ƙarfin jiki da na dabara da na sa'a, suka kuma nuna cewa wasannin dabara sun fi yawa a cikin al'ummomi masu sarauta da matakan daraja. Ko da ya ke ba lalle su suka nufi haka ba, masu karatu sun mai da rabon nan tsani, dabara a sama, sa'a a ƙasa. Sai lido ta zama wasan da ba ya koyar da kome, abin kashe lokaci kawai.

Ya kamata a duba abin da sa'a ke yi wa taron yara kafin a yanke wannan hukunci. Dayis ba ya sanin babba da ƙarami. Ɗan shekara biyar zai iya jefa shida sau biyu a jere, yayarsa tana nan ba ta fita gida ba, kuma ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. Da wuya a sami wani fage a rayuwar ƙaramin yaro inda zai ci na gaba da shi a fili, kowa na gani, ba a kuma ce an bar masa ba ne. Wannan shi ke sa ya dawo gobe. Babbar kuwa tana koyon abin da dara ba za ta koya mata ba, watau ta sha kaye a hannun wanda ta fi, ta haƙura, ta kuma ƙi kifar da allon. Ba kowace ke iyawa ba, gaskiya ne, kuma allunan lido da yawa sun ƙare a ƙasa da 'ya'ya warwatse. Amma ita ma kifarwar tana da hukunci a wurin yara: gobe ba za a yi da ke ba.

Sa'an nan ba gaskiya ba ne cewa dayis ya ɗauke wa yara nauyin shari'a. Ya yanke hukunci a kan abu ɗaya ne kawai, watau yawan gidajen da za a tafi. Sauran duk yana wuyansu. In dayis ya faɗi bayan allo, an ƙirga ko a sake? In ya jingina da ɗan wani bai kwanta sosai ba fa? Gidan da ɗa ke zaune a kai, da shi a ke fara ƙirga ko da na gabansa? Wannan ta ƙarshe ita ce matsalar kusan kowane ɗan shekara biyar, kuma yawancinsu a wurin lido aka gyara musu ita da tsawa, tun kafin su ga allon lissafi. Wanda ya taɓa ɗa, tilas ya tura shi ko yana iya canza ra'ayi? Takardar da ke cikin kwalin ba ta amsa yawancin waɗannan ba, in ma akwai takardar, in ma akwai mai iya karanta ta. Kowane zaure da nasa fiƙihun.

Har ma a kan ga hannun 'yan wasa a cikin babbar dokar. A wurare da yawa a Nijeriya da dayis biyu a ke lido, kuma in ɗanka ya ci na wani, naka ma ya fita, an lasafta shi ya isa gida. Mai neman asali zai ce an ɓata wasan. Lissafi bai goyi bayansa ba. Da dayis ɗaya, damar samun shida ɗaya ce cikin shida, kuma kusan sau ɗaya cikin uku mutum zai yi jifa shida a jere bai ga shida ba. Yaro ƙarami ba zai zauna yana kallo har haka ba. Da dayis biyu damar ta zama 11 cikin 36, watau ta kusa ninkawa. Dokar ci kuwa tana gajarta wasan, a gama kafin a kira wani aike. Gyare-gyare ne na mutanen da suka san inda wasan ke gajiyarwa.

Maciji da tsani ba ta bukatar dogon bayani. Ita ma daga Indiya ta fito, inda tsani ke nufin kyakkyawan hali maciji kuma mummuna, ta shiga Ingila a shekarun 1890, wa'azin ya yi ta zubewa a hanya har ya saura gidaje 100 da zane. Babu zaɓi ko ɗaya a cikinta, don haka ita ce ƙofar shiga ga 'yan shekara huɗu, kuma da wuri a ke ƙosawa da ita. Akwai makamanciyarta a Amurka, Candy Land, wadda wata malama mai suna Eleanor Abbott ta tsara a 1948 tana jinyar shan inna a asibiti a San Diego, domin yaran da ke kwance tare da ita; ba ta bukatar karatu ko ƙirga, launi kawai a ke bi. Mutum ɗaya ke nan da ta fara da tambayar da Murray bai yi ba: me yaro zai iya gudanarwa in babu babba a ɗakin?

Cikin masana, wanda ya fi kusa da gane al'amarin shi ne Jean Piaget na ƙasar Suwizalan. A littafinsa na 1932 a kan yadda yaro ke hukunta daidai da kuskure, ya ɗauki wasan 'yan ƙwallayen gilashi da yara maza ke yi a Janiba da Neuchâtel, domin wasa ne da yara ke gadar wa yara, manya ba su da hannu a ciki. Ya kan ce wa yaro ya koya masa wasan kamar bai sani ba, sa'an nan ya tambaye shi daga ina dokar ta fito, ko kuma ana iya sake ta. Abin da ya samu shi ne, ƙanana su kan ce doka daga manya ta zo, ba a taɓa ta, alhali a aikace kowa na yin abin da ya ga dama. Wajen shekara bakwai ko takwas su kan fara neman doka ɗaya don a san wanda ya ci. Wajen sha ɗaya ko sha biyu kuwa su kan san dokar dalla-dalla, su kuma yarda cewa ana iya sake ta in kowa ya amince. Babban aiki ne, kuma shi ya fara ɗaukar gardamar yara a matsayin abin nazari.

Duk da haka akwai wurare uku da ba za a bi shi ido rufe ba. Na farko, babba ne ke tambaya. Ɗan shekara shida da wani dattijo ya tsare shi ya ce, ana iya sake doka? me zai ce in ba a'a ba? Yaron nan da ya ce doka ba ta taɓuwa, shi ne da yamma zai ce wa ƙanensa yau biyar ma tana fitar da ɗa. Binciken da Elliot Turiel da abokan aikinsa suka yi daga ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa yara tun suna 'yan shekara huɗu suna bambanta dokar da aka yi don tsari, wadda a ke iya sakewa, da hani irin na bugun wani, wanda ba su yarda a sake shi ba ko da babba ya ce a sake. Na biyu, tsanin shekarun da ya kafa bai yi la'akari sosai da taron da ya haɗa manya da ƙananan yara ba, inda ɗan shekara biyar ke ganin yayyensa suna yin doka suna warware ta a gabansa kullum. Na uku shi ne hukuncinsa a kan 'yan mata, waɗanda ya ce hankalinsu ga shari'ar wasa bai kai na maza ba, domin ya ga sun fi saurin sassauta doka. Carol Gilligan ta yi masa raddi a 1982. Ko ba raddinta, wanda ya ga yarinya tana gudanar da lido da ƙanne uku, tana bar wa autan ya sake jifa don kada ya yi kuka a zo a tashe su duka, ya san ba jahilcin doka ke damunta ba. Ta san abin da dokar ke karewa, watau wasan ya ci gaba.

Iona da Peter Opie na Ingila, a littafinsu na 1969, Children's Games in Street and Playground, sun tattara bayani daga yara fiye da 10,000 a kan wasannin da su ke yi in babu idon manya, kuma sun yi ƙorafi mai ƙarfi a kan yadda shisshigin manya ke kashe wasa. Amma wasannin titi da fili suka sa a gaba, na guje-guje da ɓuya. Masu tara al'adun gargajiya a nan gida kuma su kan bar lido da karta a waje don baƙi ne, na kanti. Ta haka wasannin da yaran Kano da Zariya da Maraɗi suka fi yi a zaune suka faɗa tsakanin gidaje biyu, babu mai ɗaukarsu.

Wadda ta fi cutuwa da wannan sakaci ita ce Whot. William Henry Storey ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta daga baya, ta dushe a can, ta zauna daram a Nijeriya. Kati 54 ne: masu da'ira 12, masu kusurwa uku 12, masu gicciye 9, masu murabba'i 9, masu tauraro 7, da kati biyar masu lamba 20 waɗanda ke shiga ko'ina. Lambobin daga 1 ne zuwa 14, babu 6 babu 9, don haka ba a gardamar wanne ne sama wanne ne ƙasa. Dokar asali guda ce: ka ajiye katin da ya yi daidai da na ƙasa a siffa ko a lamba, in ba ka da shi ka ja daga kasuwa. Yaron da bai san baƙi ba ya san tauraro da da'ira, da wannan kaɗai zai iya zama a yi da shi, lambobin kuwa su zo daga baya.

Abin da ya sa ta yi armashi kuwa a nan aka ƙara shi: 1 ta tsai da kowa mai ita ya sake, 2 ta sa na gaba ya ja biyu, 5 ya ja uku, 8 ta tsallake shi, 14 kowa ya tafi kasuwa. Kuma ba a haɗu a kan waɗannan ba. A wata unguwa 5 ba ta da wani iko. A wata, wanda aka ce ya ja biyu yana iya karewa da tasa 2, nauyin ya wuce kan na gabansa. A wata kuwa babu kariya. Saboda haka yaran da suka zo daga gidaje dabam ba sa iya fara wasa sai sun zauna sun daidaita, tun kafin a raba kati. 'Yan shekara bakwai ke nan suna yin abin da Piaget ya ajiye wa 'yan sha ɗaya.

Whot ta kuma kawo abin da babu shi a lido ko dara, watau ɓoyo. A kan allo kowa na ganin kome. A karta kowa na da sirri, kuma a nan ne zamba ke fara yiwuwa: a zauna a kan kati, a leƙa hannun ƙaramin da yatsunsa ba sa iya riƙe biyar a tsaye, a ajiye biyu a manne kamar ɗaya. A nan ne kuma a ke fara kama ɓarawo da hujja. “Yaya, ai ba ki ce saura ɗaya ba, sai ki ja biyu.” Ƙaramin ya kama babba da dokar da ita ta koya masa, kuma in ta ƙi, sauran za su taso mata. In kati ya ɓace a kan yanko kwalin sukari a zana a maye gurbinsa, kowa kuwa ya san shi daga baya. Sai a yi shawara, ko a bar shi haka ko a rufe ido a kansa. Babu littafin dokokin wasa da ya tanadi wannan babi.

Ba za a wuce ba tare da ambaton dalilin da ya sa iyaye da yawa ba sa son ganin waɗannan wasanni ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda a ke karantawa a zaurukan ilmi ko'ina a ƙasar Hausa, ta hana wasan nardi da shaɗaranji, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin lido a kan nardi saboda dayis. Ga kuma tsohon tsoron caca, wadda Hausawa suka sani da wuri tun kafin zuwan karta, har kalmar karta kanta ta ɗauki warin caca. Hukuncin wannan na malamai ne, ba na wannan takarda ba. Abin da ya shafi mai nazari shi ne sakamakonsa: da ya ke ana kora, yara sun saba yin wasannin nesa da idon manya, don haka duk wanda ya yi hukunci a kansu daga abin da ya gani a gaban manya bai ga kome ba. Kuma iyakar da yaran kansu ke ji a jikinsu ita ce sa kaya. Ran da aka fara ajiye marfin kwalba ko kwabo a tsakiya, sassaucin da a ke yi wa auta ya ƙare, ƙanana su janye, taron ya zama na manyan yara zalla.

Hujja mafi ƙarfi ga masu son malami ya shiga tsakani ta zo ne daga Amurka. A 2008 Geetha Ramani da Robert Siegler suka buga sakamakon wani gwaji da 'ya'yan marasa ƙarfi 'yan shekara huɗu da biyar. Wasan ɗan gajere ne, gidaje goma a layi ɗaya masu lamba 1 zuwa 10. Bayan zama huɗu, jimlarsu kamar sa'a guda, yaran da suka yi wasa da allo mai lambobi sun fi waɗanda suka yi da allo mai launi kawai wajen ƙirga da gane lamba da sanin wadda ta fi girma, kuma bambancin yana nan bayan mako tara. A 2009 suka nuna cewa in an jera lambobin a da'ira, amfanin bai kai na miƙaƙƙen layi ba. Sakamako ne mai kyau, ya kamata kowane malamin ƙananan azuzuwa ya san shi. Sai dai a lura da yadda aka yi: kowane yaro da babba ya yi wasan, kuma babban ya sa shi ya faɗi lambar kowane gida da ya taka, ya gyara masa in ya yi kuskure. Darasin lissafi ne da aka sa wa rigar wasa, kuma ya yi aikinsa. Bai faɗi kome ba game da abin da ke faruwa a zaure. Bisa wannan gwaji ma, lido, wadda hanyarta ke zagayawa kuma babu lamba a gidajenta, ba ta cancanci a sayar da ita ga iyaye da sunan koyar da lissafi ba.

Haɗarin da ke gaban makarantun horon malamai shi ne su cakuɗa abubuwan nan biyu. Sabon malami ya ji an ce wasa na koyarwa, sai ya kawo lido ko Whot aji, ya tsaya a kansu, ya karanta doka, ya raba kowace gardama tun ba ta yi zafi ba. Lissafin da zai samu kaɗan ne, abin da wasan ke da shi na gaske kuwa ya kashe shi da hannunsa, gama da zarar akwai babba, kowane yaro gare shi zai juya: “Malam, ka ga ya ƙirga gida biyu.” Constance Kamii da Rheta DeVries, waɗanda suka bi sawun Piaget, sun yi gargaɗi a kan haka a 1980, suka nemi malami ya rage ikonsa gwargwadon iyawa a lokacin wasan ƙungiya. In ana son darasi, a zana layi mai gidaje goma a kan kwali a zauna da yaro, a kira shi darasi.

Ɗalibin da aka tura ya yi nazarin wasan zaure kuwa, abin da za a nema daga gare shi dabam ne da abin da Murray ko Bell suka rubuta. Ya zauna nesa kaɗan da wani aiki a hannunsa, ya ƙi amsa ƙara in an kawo masa. Ya rubuta shekarun kowane yaro da dangantakarsu, wanda ya kawo allon ko katin, yadda aka zaɓi mai farawa, dokokin da aka faɗa kafin a fara da waɗanda suka fito a tsakiyar wasa, wanda ya kawo kowace da wanda ta amfana. Ya rubuta kalmomin da aka yi gardama da su kamar yadda suka fito daga baki, da Hausa ko da gurɓataccen Turancin Whot. Ya kuma rubuta yadda aka tashi: an gama ne, ko an kifar da allo, ko an kira wani aike, da kuma ko ƙaramin cikinsu ya dawo washegari.